Zuwana Jos da Rigimar Kogon Kuza na Biyu

Tun da na dawo daga Jos ban huta da tambaya ba. A wurin aiki ana tambaya, a gidan suna ana tambaya, har matar da ke sayar mana da ƙosai a ƙofar asibiti sai da ta tare ni, wai da gaske ne na ga Garba ido da ido. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin yana ƙara tsawo a bakin masu kai shi gaba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru.

Sunana Rabi, ungozoma ce ni a wani ƙaramin asibiti a Maraɗi. Abin da ya kai ni Jos bikin 'yar Yaya Ladidi ne. Ita Yaya Ladidi ɗiyar wan babana ce, wadda aure ya kai ta can tun ina makaranta. Amma akwai dalili na biyu, wanda abokan aikina suka sani kuma suke yi mini dariya a kai, wato fim ɗin nan Kogon Kuza.

Ga wanda bai kalla ba, a kashi na farko wani saurayi mai suna Garba da abokinsa Pam suka shiga tsohon ramin haƙar kuza neman akwatin da aka ce Turawa sun binne. Aka sha faɗa da ɓarayi, aka tsallake ruwa, rami ya rufta, Garba ya fito da akwati, aka buga kiɗa fim ya ƙare. Pam kuwa yana ciki, ba wanda ya sake kiran sunansa. Kowa ya so wannan fim, ni ma na so shi. A kashi na biyu Garba ya yi arziki ya yi tumbi, sai ga ƙanwar Pam ta zo ƙofar gidansa ta ce ya tashi ya nuna mata inda ya baro mata ɗan'uwa. Suka koma ramin. A hanya Garba ya firgita, ƙafarsa ta ƙi motsi, ita ce ta ja shi da igiya. Ba su sami ƙashi ba, ba su sami dukiya ba, takalmin roba ƙafa ɗaya suka samo, Garba ya durƙusa ya yi ta kuka.

Nan ra'ayin masu kallo ya rabu. Wasu suka ce an lalata musu jarumi, ba waƙa ba rawa, an bar mace tana jan namiji kamar akuya. Ni na ce na biyun ya fi na farko nesa ba kusa ba. Mun yi wata guda muna wannan musu a ɗakin hutunmu, har wata ta ce ko masu fim ɗin sun ba ni wani abu ne. Da Yaya Ladidi ta faɗa mini a waya cewa mutanen da suka fito a ciki 'yan garinsu ne, ana ganinsu a kasuwa, sai na ɗaura niyya.

Na tashi da sassafe daga tasha, da jakata da ƙullin kilishi da busasshen zogale na tsaraba. A bakin iyaka, bayan mun wuce Ɗan Isa, aka sauke mu duka don duba takardu. Jami'in da na faɗa hannunsa dattijo ne mai furfura a gemu. Ya dubi hoton katina, ya dube ni, ya sake duban hoton, domin tun ina siririya aka ɗauke shi.

"Hajiya, ina za ki?"

"Jos, ranka ya daɗe. Biki, da kuma ganin inda aka yi wani fim."

"Wane fim?"

Da na faɗa masa sai ya ajiye katin a kan tebur. "Na farko ko na biyu?"

"Na biyu."

Ya girgiza kai kamar na gaya masa rasuwa. Ya ce wannan ai ba fim ba ne, cin mutunci ne. Ya kawo wurin da yarinyar ta ce wa Garba ya cire agogonsa don a cikin rami ba a tambayar lokaci, ya faɗi maganar kalma bayan kalma, har da yadda ta karkata kai. Ya kawo wurin igiya, ya kawo wurin takalmi. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, sau nawa ka kalla?" Ya ce sau uku, amma don ya tabbatar da lalacewarsa ne. Direbanmu yana ta danna oda, jami'in ya miƙo mini katina ya ce Allah ya kiyaye hanya, in na ga Garba in ce masa ya ba maza kunya.

Wannan shi ne abin da na yi ta gani har na je na dawo. Masu zagin fim ɗin sun fi kowa haddace shi. Na farkon da suke yabo, in ka tambaye su abin da aka faɗa a ciki sai su ce an yi faɗa mai kyau, shi ke nan.

Na kwana a Kano gidan wata ƙawata da muka yi karatun aikin jinya tare, washegari na shiga motar Jos. An cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, kusa da ni wata mata mai kwandon kaji. Bayan mun wuce Saminaka taya ta fashe, muka fito muka zauna a gindin mangwaro fiye da awa ɗaya. A nan na gane kaza ɗaya ta sami hanyar ƙullin zogalena ta cinye kusan rabi. Mai kajin ta yi ta ba ni haƙuri, ta sayo mini dafaffiyar masara, muka ci tare. Daga nan hanya ta fara hawa, kunnuwana suka toshe, iska ta sauya. Na ga duwatsu an ɗora wani kan wani kamar da hannu aka jera su, na gane su tun daga fim.

Yaya Ladidi tana zaune a Rikkos, gida mai ɗaki uku a wani lungu da keken haya mai ƙafa uku ba ya shiga sai an taka. An gaya mini ana sanyi a Jos, na ɗauka irin namu ne na watan sanyi wanda rana na fitowa ya gudu. Ashe da damina ma suna saka rigar sanyi. Ban zo da ko ɗaya ba. Haka na yi kwana biyu cikin wata ƙatuwar suwaita ta mijinta a ƙarƙashin mayafi, a hotunan biki duk na fito kamar mai ciki wata tara. Ruwan wanka kuwa sai an dafa, abin da a gida sai mai jego ake yi wa.

Abinci ya ba ni mamaki. Dankalin Turawa da muke saye ƙwaya-ƙwaya don baƙo, su da shi suke karyawa, a soya da ƙwai a tura wa yara. Akwai wani abu da suke kira gwate, fate ne na tsakin masara ko acca da ganye da yalo da ɗan yakuwa mai tsami. Cokalin farko na ɓata fuska, kafin in baro garin ni ke neman ƙari. Su kuma da na kwaɗa musu sauran zogalen da ƙuli irin namu, maƙwabta har aikowa suke a sam musu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai Hausar garin. Ranar Lahadi na ji waƙa tana tashi daga wani gini da Hausa tsantsa, na tambaya ko biki ake, aka ce coci ne. Sai ka ji mutum ya fara magana da Hausa, ya ratsa ta Turanci, ya dawo ya ƙarasa da Hausa bai ma san ya fita ba. Ni kuma da na buɗe baki sai a yi murmushi a ce, "Daga Nijar ko?" Yaya Ladidi ta kuma ja mini kunne cewa garin ya sha wahala a baya, akwai unguwannin da mutum ba ya shiga sai da ɗan gari, in bi ta a hankali kada in yi ta tambayar abin da ba a ba ni labarinsa ba.

Bayan an kai amarya da kwana ɗaya ta raka ni Farin Gada. Ban taɓa ganin kayan miya da yawa haka ba. Kabeji tuli-tuli, karas, tumatir a kwanduna, manyan motoci ana lodi, masu ɗauka suna ta cewa a ba su hanya. A can ciki, bayan buhunan koren wake, Yaya Ladidi ta nuna mini wata doguwar mata baƙa da hular ulu a kai tana yanke ganyen kabeji da wuƙa. Ita ce ƙanwar Pam. Sunanta na gaskiya Kaneng.

Muka ƙarasa wurinta. Ita ta fara magana.

"Sista, kai ne baƙon Maman Amira? Zo ka zauna."

Na waiga in ga namijin da take yi wa magana, Yaya Ladidi ta ƙyafta mini ido. Ashe haka wasunsu suke yi, mace da namiji duk kai ne, Maman Amira kuwa Yaya Ladidi take nufi. Ta jawo mini kwando ta kife na zauna. Na gaya mata daga inda na zo da abin da ya sa nake son ganinta. Ta yi dariya har ta ajiye wuƙar. Ta ce ita ba 'yar fim ba ce, mai shirya fim ɗin yana sayen kaya a wurinta ne, ya ji yadda take yi wa masu lodi faɗa ya ce ita yake nema.

"Ni ba ruwana da zagi," in ji ta. "Matan kasuwan nan kullum suna kallo a waya. Wani mama ya zo daga ƙauye ya riƙe hannuna, bai ce komai ba, ya tafi. Amma Oga Sale, shi abin ya shiga jikinsa. Ka je ka gan shi."

Oga Sale shi ne Garba. Walda yake yi a Nasarawa Gwom. Kaneng ta bar wa maƙwabciyarta kaya ta ce ita za ta kai mu, domin in ba da ita ba ba zai saurare ni ba. A cikin keke ta ba ni labari cewa tun fitowar fim ɗin in ya bi titi matasa suna ce masa ya share hawaye, 'ya'yansa ma ana tsokanarsu a makaranta. Ya cire hoton fim ɗin daga shagonsa, ya daina zuwa majalisar da ya saba zama.

Muka same shi yana haɗa ƙofar ƙarfe, da baƙin tabarau a fuska. Ya fi yadda yake a fim gajarta. Da Kaneng ta ce ga baƙuwa daga Nijar saboda Kogon Kuza, sai ya kashe injin, ya cire tabarau, ya sa aka kawo mana benci. Bayan gaisuwa, tun ban ce komai ba ya riga ni.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Na san mun ɓata muku fim. Kuskure ne, an riga an yi."

Na yi tafiyar kwana biyu ina shirya yabon da zan yi masa, ban taɓa zaton da shi zan yi musun ba. Na ce, "Malam Sale, wa ya ce maka kuskure ne?"

"Gari duka."

"To ni ba da garin na zo ba. Zan faɗa maka aibinsa tukuna don kada ka ce daɗin baki nake yi. Sautin cikin rami bai fita ba, sai an kasa kunne. Macijin nan kowa ya san na roba ne. Tafiyar da kuka yi a dawa ta yi tsawo. Waɗannan na yarda."

Ya yi ɗan murmushi ya ce macijin ma aro aka yi.

Na ce amma a na farko mutum biyu suka shiga rami, ɗaya ya fito, aka buga kiɗa muka tafa, har da ni. Ba wanda ya tambayi ina ɗayan, ko yana da uwa. Na biyun ne ya tsaya ya yi wannan tambaya, kuma ina ganin abin da ya ba mutane haushi ke nan, don ya tuna musu sun tafa. Na ce tsoron da Garba ya ji a bakin ramin shi ya sa na yarda akwai haɗari a wurin. A na farko ko sau ɗaya gabana bai faɗi ba, na san jarumi ba ya mutuwa. A na biyu da igiyar nan ta fara tsinkewa sai da na miƙe tsaye. Na ba shi labarin jami'in bakin iyaka da saƙonsa, da yadda ya haddace maganganun, Kaneng ta yi ta dariya.

Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Duk na ji. Amma namiji ya durƙusa yana kuka a kan takalmi, Hajiya, mutanenmu ba sa son ganin haka."

Ban yi niyyar faɗar abin da na faɗa daga nan ba. Ko abokan aikina da muka yi ta musu da su ban taɓa haɗa musu shi da fim ɗin ba. Na ce masa ina da ƙane, Habu, wanda ya bi 'yan'uwansa matasa arewa wurin haƙar zinariya shekara shida da suka wuce. Rijiya ta rufta da su. Abokin tafiyarsa ya dawo da jakarsa da wayarsa, ya ajiye a ƙofar gida, ya yi gaisuwa a tsaye ya tafi, bai sake waiwayarmu ba. Ba gawa, ba kabari. Innarmu har yau ta hana a yi masa sadaka, tana cewa wataƙila ya tsallaka Aljeriya ne. Na ce ni a duniya ba abin da nake so irin wannan abokin nasa ya zo ya zauna a gabanmu ya yi kuka ko sau ɗaya, mu san cewa Habu mutum ne a wurinsa. Bai zo ba. Garba ne ya yi.

 Malam Sale ya daɗe yana juya tabarau a hannunsa.

"Kukan nan ba a rubuta shi ba," in ji shi. "Cewa aka yi in ɗauki takalmin in dubi sama. Da na ɗauka sai abin ya zo."

Na tambaye shi me ya zo. Ya dubi Kaneng, ita kuma ta dubi ƙasa.

"A garin nan kowa yana da wanda ya fita bai dawo ba," ya ce. Bai ƙara ba, ni ma na tuna jan kunnen Yaya Ladidi ban nemi ƙari ba.

Shi da kansa ya ce ba zan koma ban ga wurin ba. Ya rufe shago da rana tsaka, muka ɗauki keke mu huɗu zuwa bayan gari, muka wuce gidaje masu shingen ƙyarana da gonakin dankali. Wurin wani tsohon ramin kuza ne da ruwa ya cika, kore shar, shiru, ga tudun jar ƙasa a gefe. Kogon da aka nuna a fim ashe bai fi ɗaki ɗaya zurfi ba, sauran duk dabara ce. Kaneng ta nuna mini dutsen da ta tsaya ta ja igiya, ta ce sai da tafin hannunta ya yi kwana huɗu yana ciwo don Oga Sale ba ƙaramin nauyi gare shi ba.

Da za mu juya ya tambaye ni cikakken sunan ƙanena. Na faɗa. Ya cire takalmi, ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, ni da Yaya Ladidi muna amin. Kaneng ta cire hularta ta sunkuyar da kai, leɓenta yana motsi da tata addu'ar. Wannan ne karo na farko da wani ya yi wa Habu addu'ar mamaci a gabana.

Ban san ko Malam Sale ya mayar da hoton nan shagonsa ba, ban tambaya ba. Ya dai raka mu har bakin titi, wani mai babur ya wuce ya kira shi Garba mai hawaye, ya ɗaga masa hannu kamar gaisuwa aka yi masa. Kaneng ta haɗa ni da buhun kabeji da karas wanda ya wahalar da ni a kowace tasha har gida.

Na iso Maraɗi ranar Talata da la'asar. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Bayan ta gama tambayar amarya da dangi ɗaya bayan ɗaya, sai ta ce ta ji an ce wani fim na bi har Najeriya, wane irin fim ne wannan. Na daɗe ina ɓoye mata shi. Na ce ba wani abu ba ne, ta ce in kunna mata.

Na jingina wayar a jikin kwano muka zauna a tabarma. Tun daga farko har ƙarshe tiren shinkafar yana cinyarta ba ta taɓa shi ba. Da aka zo wurin takalmin na saci kallonta, idonta a bushe yake. Fim ya ƙare, ta ci gaba da kallon wayar bayan ta yi duhu.

"Yarinyar nan ta kyauta," ta ce. "Ta je ta gani da idonta."

Ta ɗauki tiren ta tsince tsakuwa biyu ko uku, sannan ta ajiye.

"Rabi, gobe ki je ki gaya wa kawunki. A sayo gero. Ranar Juma'a a yi wa Habu sadaka."